Maƙil da safe, wayam da rana: fashin baƙi kan jiragen ƙasa na bayan gari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgin ƙasa ta wata unguwar bayan gari da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe ya ga abin da idonsa. Dakalin masu shiga birni ba masaka tsinke. Kowa ya san daidai inda ƙofar taragonsa za ta tsaya, wasu ma sun haddace taragon da zai sauke su a bakin matakala idan an isa. Jirgi ya iso, ƙofofi suka buɗe, jama'a suka danna ciki, kafin ka ƙirga talatin ya ɗaga. A tsallaken dogo kuwa, dakalin masu fita daga birni mutum uku ne ko huɗu. Jirgin da ya zo ɗaukarsu tsawonsa ɗaya da na farkon, wutar da yake sha kusan ɗaya, albashin direbansa ɗaya, amma kujeru kawai yake ja. Da la'asar sakaliya sai lamarin ya juye.

Kusan duk wani abu da ya shafi waɗannan jirage, tun daga irin tikitinsu, da siffar taragunsu, har zuwa dalilin da ya sa gwamnatoci ke zuba musu kuɗi, daga wannan matsala ya taso: kowa na son tafiya a lokaci ɗaya, kuma wuri ɗaya aka dosa.

Bari mu fara da raba su da 'yan'uwansu. Jirgin cikin birni, wanda galibi ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, yana da dogonsa shi kaɗai, tashoshinsa kuma kusa-kusa suke, kamar kilomita guda tsakani. Jirgin dogon zango yana haɗa birni da birni, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Na bayan gari yana tsakiyarsu. Yakan fita kilomita ashirin, hamsin, wani lokacin fiye, yana tsayawa a unguwanni da ƙananan garuruwan da mazaunansu ke kwana a can su yini a birni, kuma sau da yawa dogo ɗaya yake rabawa da jiragen nesa da na kaya. Jamusawa na ce masa S-Bahn, a Faris RER, a Sifaniya Cercanías, a Rasha elektrichka. Iyakar da ke tsakaninsa da jirgin cikin birni ba ta da kaifi. Layin Yamanote da ke zagaye tsakiyar Tokyo, mai tsawon kilomita 34.5 da tashoshi 30, na kamfanin jirgin ƙasa ne, amma yadda yake aiki ba ka bambanta shi da na cikin birni.

Waɗanda suka fara shimfiɗa dogo ba su da wannan fasinja a lissafinsu. Kwal suke son ɗauka, da kayan masana'antu, da matafiya daga wani birni zuwa wani. Amma ba a jima ba aka ga layukan gajeren zango: na Landan zuwa Greenwich, wanda aka fara buɗewa a 1836 a kan doguwar gadar bulo mai baka 878, sai na Faris zuwa wajen Saint-Germain a 1837. A shekarun 1840 kamfanonin da ke kewayen manyan biranen gabashin Amurka suka fara sayar da tikiti mai rangwame ga wanda zai biya kuɗin wata ko na shekara gaba ɗaya. Daga sunan wannan rangwamen ne kalmar Ingilishi ta commuter ta fito, wato mai zuwa aiki ya dawo kullum. Abin lura shi ne tikitin ne ya raɗa wa mutumin suna. Kamfani ya ga jirginsa na wucewa ta ƙauyuka da kujeru babu kowa, sai ya ce gara a cika su da araha. Bai san ranar na zuwa da masu tikitin arahar za su fi ƙarfin kujerun ba.

Da farko masu hannu da shuni ne suka mori abin. Ɗan kasuwa ko lauya ya gina gida inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙi da cututtukan birni, ya riƙa shiga jirgi. Lebura kuwa yana nan cikin lungu kusa da masana'anta, da ƙafa yake zuwa aiki. Abin ya sauya ne ta wata hanya mai ban mamaki. Gina manyan tashoshi a tsakiyar Landan ya sa an rushe dubban gidajen talakawa, sai majalisar dokoki ta fara gindaya wa kamfanoni sharaɗi. A 1864, da kamfanin Great Eastern ya nemi izinin gina tashar Liverpool Street, aka wajabta masa jigilar ma'aikata daga Edmonton da Walthamstow a kan penny 2, wato kwabo biyu na Ingila, zuwa da dawowa. A 1883 wata doka ta faɗaɗa tsarin jiragen ma'aikata masu araha. Cikin 'yan shekaru waɗannan yankuna suka cika da jerin ƙananan gidaje. Sai dai arahar da sassafe kawai ake samunta, saboda kamfani ba ya son leburori su cika jiragen da manyan fasinjoji ke shiga. Don haka mutane kan iso birni tun kafin a buɗe wuraren aikinsu, su yi ta zaman jira, har wani coci da ke kusa da tashar ya riƙa buɗe musu ƙofa su fake daga sanyi.

Jirgin tururi bai dace da wannan aiki ba. Yana da nawa wajen tashi, ga shi aikin duk tashi da tsayawa ne. Idan ya isa tasha ta ƙarshe sai an cire kan jirgin an zagayo da shi, ko a kawo wani ya kama ta baya, lokaci yana ta tafiya. Ga hayaƙi a cikin rami. A 1902 wani jirgi ya afka wa wani ta baya a ramin Park Avenue na birnin New York saboda hayaƙi ya rufe wa direba sigina, mutane suka mutu, aka kafa dokar da ta hana jiragen tururi shiga wannan sashe na birnin daga 1908. Tashar Grand Central ta yanzu, wadda aka buɗe a 1913, lantarki ne ya ba da damar a binne dogayenta a ƙasa.

Mafita ta zo ne daga dabarar da Frank Sprague ya gwada a Chicago a 1897. Maimakon kai ɗaya ya ja taragu, sai aka rarraba injinan lantarki a ƙarƙashin taragun kansu, direba ɗaya yana sarrafa su duka daga gaba. Irin wannan jirgi yana zabura nan da nan, yana tsayawa nan da nan, kuma yana da wurin tuƙi a kowane ɓangare. Idan an kai ƙarshen layi direba sauka kawai zai yi, ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, ya juya da shi. Berlin ta fara sa wa layukanta na bayan gari lantarki a 1924, sunan S-Bahn ya biyo baya a 1930. Bombay, wato Mumbai ta yau, ta ga jirgin lantarkinta na farko a watan Fabrairun 1925, shekara 72 bayan jirgin fasinja na farko da ya tashi daga Bori Bunder zuwa Thane a 1853. Mosko ta bi sahu a 1929.

Lantarki ya magance jinkiri, amma bai cika kujerun da ke komawa wayam ba. Wanda ya fi kowa fahimtar wannan shi ne wani ɗan kasuwar Japan, Kobayashi Ichizo. A 1910 kamfaninsa, wanda daga baya ya zama Hankyu, ya buɗe layi daga Umeda a birnin Osaka zuwa Takarazuka da Minoo. Gonaki ne galibi a hanyar, ba wasu fasinjojin a zo a gani. Sai ya sayi filaye a gefen dogo tun suna da araha, ya gina gidaje a Ikeda, ya sayar wa ma'aikata masu albashi a kan biya kaɗan-kaɗan. Ya samu fasinjojin safe ke nan. Domin ranakun hutu kuma, ya gina wuraren shaƙatawa a can ƙarshen layin, ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan mata a Takarazuka, wadda ta fara wasa a 1914 kuma har yau tana nan. A 1929 ya buɗe katafaren kanti a kan tashar Umeda, domin matan gida su shigo birni da hantsi, lokacin da jirage ba su da kowa. Aka kuma riƙa jawo makarantu da jami'o'i su koma gefen layi, saboda ɗalibi da safe waje yake fita, daidai lokacin da ma'aikaci ke shigowa. Ka ga kowace dabara an auna ta ne a kan wata kujera da ke tafiya babu mai zama. Sauran kamfanonin Japan suka kwaikwayi tsarin, kuma yana cikin manyan dalilan da suka sa har gobe akwai kamfanoni masu zaman kansu a Tokyo da Osaka da ke cin riba da jigilar ma'aikata, abin da ba kasafai ake gani a wasu ƙasashe ba. Kamfanin Metropolitan na Landan ma ya yi irin wannan sana'a ta filaye a arewa maso yammacin birnin, yana tallata yankin da sunan Metro-land tun daga 1915.

Inda kamfani ba shi da fili ba shi da kanti, sai tikiti kawai, lissafin ba ya fita. A ce layi na buƙatar jirage talatin da safe, amma goma sun wadatar da rana. Dole a sayi talatin ɗin, a gina musu wurin ajiya, a ɗauki direbobinsu, sannan ashirin su yini a ajiye suna jiran yamma. Fasinjan da ya jawo duk wannan kashe kuɗi kuma shi ne mai tikitin rangwame.

A Amurka abin ya fito fili bayan yaƙin duniya na biyu. Mota ta wadata, dokar gina manyan tituna ta 1956 ta buɗe hanyoyi ko'ina, masu tafiyar rana da na ƙarshen mako suka koma mota, aka bar wa jirgi 'yan safe da yamma kaɗai, wato mafi tsadar fasinja. Hukumomi ba su yarda a ƙara kuɗin tikiti yadda kamfanoni ke so ba, ba su kuma yarda a rufe layi cikin sauƙi ba. Layukan suka zame wa kamfanonin ƙadangaren bakin tulu. Kamfanin Long Island Rail Road ya karye a 1949, jihar New York ta saye shi a tsakiyar shekarun 1960. Penn Central ya durƙushe a 1970. Daga nan hukumomin gwamnati suka karɓi ragamar: Metro-North ta New York a 1983, Metra ta Chicago a 1984. A Kanada gwamnatin lardin Ontario ta kafa GO Transit a 1967 domin ma'aikatan Toronto.

Me ya sa gwamnati za ta ɗauki abin da 'yan kasuwa suka guda? Saboda layin mota ɗaya na babban titi motoci kamar 2,000 yake iya wucewa da su a awa, galibi kowace da mutum ɗaya ko biyu, alhali dogo ɗaya mai sigina ta zamani na kwashe dubun dubatar mutane a wannan awar. Layin RER A na Faris shi kaɗai yana ɗaukar fiye da mutum miliyan ɗaya a ranar aiki. In aka ce waɗannan su koma titi, sai an rushe rabin birnin kafin a sama musu hanya da wurin ajiye mota. Masu cewa jirgin bayan gari ba ya mayar da kuɗinsa gaskiya suka faɗa, amma sukan manta titin ma ba ya mayarwa.

Akwai wata matsalar da aka gada daga ƙarni na 19. Kowane kamfani ya gina tasharsa ta ƙarshe a gefen tsakiyar birni, inda ya samu fili, don haka Landan da Faris suka tashi da zoben tashoshi da ba sa haɗuwa. Tasha mai bango a gaba ita ce maƙogwaron layi. Jirgi ya shigo, sai ya jira kowa ya sauka, ya juya, ya fita ta hanyar da ya shigo, yana giciye gaban masu son shigowa. Jama'ar da ya zubar kuma duk su ruga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tasha guda. Maganin shi ne a fasa bangon, a haƙa rami ta ƙarƙashin birni, a haɗa layin gabas da na yamma, jirgi ya shigo ta nan ya fice ta can yana sauke mutane a tashoshi huɗu ko biyar. Berlin ta yi nata da gadar da ta ratsa birnin tun 1882. Munich ta buɗe raminta a 1972, shekarar da ta karɓi wasannin Olamfik. Faris ta haɗa sassan RER a tashar Châtelet-Les Halles a 1977. Layin farko na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, wanda aka fara buɗewa a 1987, asalinsa layukan bayan gari biyu ne, na Helwan da na El Marg, aka haɗa su da rami. Zurich ta yi nata a 1990, Landan ta buɗe layin Elizabeth a 2022. Tokyo ta bi wata hanya daban: tun 1960 ta riƙa gina layukan ƙarƙashin ƙasa yadda jiragen kamfanonin bayan gari za su shige ciki kai tsaye, a canza direba a tashar iyaka, fasinja bai ma motsa daga kujerarsa ba. Wannan tsari yana da nasa rauni. Idan rassa da yawa suka dogara da rami ɗaya, ƙofa ɗaya ta maƙale a tsakiya, duk yankin ya tsaya. Shi ya sa Munich ta shiga haƙa rami na biyu.

Hidimar da fasinja ke gani kullum ita ma duk kokawa ce da cunkoson safe. Ɗauki siffar tarago. Mai hawa biyu yana da kujeru da yawa, shi ya sa Toronto da Sydney da Zurich ke amfani da shi, amma ƙofofinsa kaɗan ne, ga matakala, don haka yana daɗewa a tasha. Tokyo ta zaɓi akasin haka: ƙofa huɗu a kowane gefe, kujeru a jikin bango, tsakiya fili na masu tsayuwa. Har an taɓa yin taragu masu ƙofa shida da ake naɗe kujerunsu da safe. Sakan goma da aka ƙara a kowace tasha, idan jirage na bin juna duk bayan minti biyu, ya isa ya rage yawan jiragen da layi zai ɗauka a awa. Wanda ya sa ƙafa ya tare ƙofa domin abokinsa bai san dubban mutane yake riƙewa a bayansa ba.

Sai rabon jirage gida biyu, mai tsayawa ko'ina da mai tsallake ƙananan tashoshi, wanda ya fi tafiya daidai idan dogayen huɗu ne. Haka manyan layukan Mumbai suke, kuma kafin annobar korona suna ɗaukar fiye da mutum miliyan 7 a kullum. Akwai taragun mata zalla a kowane jirgi, tun 1992 kuma akwai jiragen da gaba ɗayansu na mata ne. Amma Mumbai ce kuma ke nuna abin da ke faruwa idan jama'a suka fi ƙarfin dogo: yawancin jiragen ƙofa a buɗe suke tafiya, mutane na rataye a baki, kuma dubbai na rasa rayukansu duk shekara, wasu ta faɗowa, wasu wajen tsallaka dogo. Jakarta ta yi fama da masu hawa rufin jirgi shekara da shekaru, sai wajen 2013 ta shawo kan abin bayan ta killace tashoshi ta kawo tikitin kati. Dogo kuma ba kullum alheri ya ɗauko ba. A Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, jirgin bayan gari ne ya sa aka iya tura baƙaƙen fata can nesa irin su Soweto, a kwaso su da asuba su yi aiki a Johannesburg, a mayar da su kafin dare.

Ta fuskar tikiti, babban ci gaba shi ne haɗe shi wuri guda. Hamburg ta kafa ƙungiyar kamfanonin sufuri a 1965 domin tikiti ɗaya ya yi wa mutum jirgi da bas. Faris ta fito da tikitin Carte Orange a 1975, mai raba yankin shiyya-shiyya. Katin da ake dangwalawa a ƙofa ya biyo baya: Octopus a Hong Kong a 1997, Suica a Tokyo a 2001, Oyster a Landan a 2003.

A ganina, duk cikin waɗannan babu wanda ya kai jadawali muhimmanci, kuma shi ne aka fi rainawa saboda ba a yanka masa kintinkiri. Suwizalan ta kawo tsarin da jirgi ke tashi a minti iri ɗaya a kowace awa tun 1982: in ka san naka na tashi da minti bakwai da kuma talatin da bakwai, ka gama haddace jadawalin yini, basukan unguwa ma an daidaita su da shi. Layin da ke da jirgi duk bayan minti goma sha biyar daga asuba zuwa dare, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare za ta dogara da shi, da ɗalibi, da mai zuwa dubiya. Wanda ke da jirage biyar da safe da biyar da yamma kuwa na ma'aikatan ofis ne kaɗai, kuma ko su, ranar da yaro ya yi zazzaɓi a makaranta da tsakar rana sai su yi da-na-sanin barin mota a gida. Tunda an riga an sayi jiragen domin safiya, fitar da su da rana ƙarin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin sayensu. Haka batun abin da ke kewaye da tasha. Filin ajiye motoci yakan cika tun da sassafe, daga nan tashar ta mutu sai yamma. Gidaje da shaguna da ofisoshi a wannan filin suna kawo fasinja yini guda, abin da Kobayashi ya gane fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Annobar 2020 ta tona asirin kowane layi. Ma'aikatan ofis suka koma aiki daga gida, kuma da yawansu ba su dawo kwana biyar a mako ba. Layukan da suka jingina kacokan da su, musamman a Arewacin Amurka, sun fi kowa jin jiki, waɗanda ke da fasinjoji iri-iri kuma suka fi saurin farfaɗowa. Boston ta sake jadawalinta a 2021, ta baza jirage cikin yini maimakon tara su safe da yamma. Caltrain, mai haɗa San Francisco da San Jose, ta koma lantarki a 2024, tana fitar da jirgi duk rabin awa har a ƙarshen mako. Tikitin wata ma, wanda tun shekarun 1840 shi ne ƙashin bayan sana'ar, ya fara sauya kama: a 2021 aka fito da wani sabo a Ingila na tafiyar kwana 8 kacal cikin kwana 28, mai shi ya zaɓi ranakun da kansa.